Ƙofar akwatin wuta ta buɗe, wutar tana ciki

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, ku yafe ni, hannun ne ba ya riƙe waya.

Ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa a hanyar Tiga. Akwai babban akwatin wuta da ke juya injinan. Yadda aka ƙera shi, ƙofarsa ba ta buɗuwa sai an murɗa hannun kashe wuta. In ka ga ta buɗe, babu wuta. Haka muka sani.

Ashe an cire ƙarfen da ke riƙe ƙofar, don masu gyara su riƙa dubawa ba tare da aiki ya tsaya ba. Ba wanda ya gaya mana.

Ranar da abin ya faru, da hantsi inji ya tsaya, na ji ƙauri. Na tarar da ƙofar a sake, na ja ta. Na ga mataccen ƙadangare a kan waya, na kai hannu.

Sai ganina na yi a ƙasa, bakina duk jini, na datse harshe.

Ɗan ƙuna ne a tafin hannu, wani a diddige. Na tashi da ƙafata har ina dariya. Aka wanke min a kemis, na koma gida Bebeji.

Washegari fitsarina ya zama kamar baƙin shayi. Daga nan ya ɗauke gaba ɗaya. Ƙafafu suka kumbura, jiki kamar an yi min dukan tsiya.

Matata Hajara ta ce, "Baban Ummi, wallahi yau ko ba ka so sai an kai ka asibiti."

Da suka ga sakamakon gwajin jini, suka tura mu Kano. A can likita ya ce, "Malam Sabi'u, wuta ba a fata take tsayawa ba. Ta dafa tsokarka daga ciki, dattin ya toshe ƙoda. Sai an yi wankin ƙoda."

Na ce, "Likita, zan tashi?"

Ya ce, "Za mu yi iya ƙoƙarinmu." Bai ce e ba.

Aka sa min roba a wuya. Ina kwance ina kallon jinina yana fita yana shiga inji, ni da inji ya kayar. Ruwan sha ma sai an auna. Mutumin gadon kusa da ni muka gaisa da safe, da la'asar aka ja masa zane. Tun daga ranar nake tsoron rufe ido.

Wankin akwai tsada. Yaya Ɗanladi ya sayar da san nomansa, bai taɓa ɗaga min maganar ba.

Kullum idon Hajara yana kan ledar fitsari. Ranar da ta ga ya fara ɗiga, ta fashe da kuka har nas ta rugo a guje.

Alhamdulillahi, ƙoda ta dawo. Yatsu biyu ne har yanzu ba sa lanƙwasuwa. Likitoci, nas-nas, 'yan uwa da duk wanda ya yi addu'a, Allah Ya saka da alheri.

Masu gyara, don Allah kada ku cire abin da ke kulle ƙofar nan. In gwaji ya sa kun kwance, ku mayar kafin ku tafi. 'Yan uwana ma'aikata, buɗaɗɗiyar ƙofa ba shaida ba ce, a kashe, a gwada tukuna. Wanda wuta ta ja, ya tafi asibiti a ranar, ko yana jin garau.

Har yau in zan kunna fitilar ɗaki, sai na tsaya na yi ta kallon makunnin kafin in taɓa. Ku ci gaba da sa ni a addu'a.