Ranar da na sa aka ɗaga jif ɗin Baba

Shekarun baya, ban fi shekara biyu da gama sakandare ba, mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hagunsa ya daina aiki, bakinsa ya ɗan karkace, amma hankalinsa ras. Abu ɗaya yake nema a duniya: a kai shi gonarsa ta doya da ke can bayan Paiko, ya ga abin da ya shuka kafin ciwon ya kwantar da shi. Ni ce babba, ni kaɗai na iya tuƙi, don haka makullin tsohuwar jif ɗinsa ya dawo hannuna.

Motar ta girme ni. Bayanta ya zauna, hanyar gonar kuma da damina kwazazzabo ce kawai da laka. Na gwada zuwa ni kaɗai sau ɗaya, cikinta ya daki dutse, na dawo da salansar hayaƙinta a kujerar baya.

Na kai ta unguwar Shango wurin makanikin Baba, wani dattijo mutumin kudancin Kaduna da yake gyara ta tun ina goye. Ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe yana goge hannu.

"'Yata, hanya biyu ne. Ko in sa sifirin irin nata na asali da shokozoba mai laushi, ki riƙa lallaɓawa. Ko in sa masu kauri na motar kaya, ta tashi sama."

"Wanne ne ba zai maƙale ba?"

"Na biyun. Amma me za ki ɗauka, doya ko mutum?"

Na ce, "Dattijo, ba hira na zo ba. Ɗaga ta."

Ya ce in kawo maigidan ya ga yadda yake hawa tukuna. Na ce ubana ba taya ba ne da za a zo a gwada shi. Har daɗi na ji wai na iya magana.

Bayan kwana uku na shigo layinmu da ita, ta yi tsayi, maƙwabta suka fito kallo. Baba ya sa farin kaftani da hula, ya fito da sandarsa. Rabonsa da ƙofar gida wata huɗu. Ashe duk kwanakin nan yana koyon ɗaga ƙafa a dokin ƙofar ɗakinsa, daidai tsayin da ya san motarsa. Yanzu kuwa matakin motar ya kai masa gwiwa. Ya ɗaga ƙafar dama, ta hagu ta ƙi riƙe shi. Ya sake. Ya kuma sakewa.

Ni kuma hadari nake kallo. Na ce wa wasu maƙwabta biyu, "Ku ɗauke shi mana, ruwa zai tare mu."

Suka cicciɓe shi. Hularsa ta faɗi, kaftanin ya yaye, kowa ya ga tsumman da mahaifiyata take ɗaura masa saboda fitsari. Mutane suka kawar da kai. Aka zaunar da shi a kujerar gaba.

Sifirin mai kauri sai da kaya yake kwanciya, mu kuwa mu biyu ne. Kowane rami sai motar ta cilla mu sama. Kansa yana bugun gilashi, hannun da ya shanye yana lilo. Ba mu ma kai Paiko ba ya kira ni da sunan da yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Uwata, juya."

"Baba, saura kaɗan fa."

"Na ce ki juya. Ni ba kaya ba ne."

Washegari na koma Shango na ce a mayar mini da tsofaffin. Dattijon ya ce ai tsohon sifirin ba ya kwana a gareji, maƙera sun kwashe, yanzu sun zama fartanya da adda. Masu laushin da ya nuna mini kuma wani ya saye. Sai dai a aika Kaduna. Aka ce sati biyu, ya zama biyar.

Baba bai ƙara tambayar gona ba. Idan na kawo maganar sai ya juya fuska bango. Ya rasu ana fara haƙar doya. Kayan suka iso bayan sadakar bakwai.

Duk da haka na kai motar aka sauke ta. Da na je ɗauka, na tarar dattijon ya yi waldar wani ɗan matakin ƙarfe a ƙarƙashin ƙofar mai zaman banza, ƙasa sosai, yadda ko tsohuwa za ta taka. Ban sa shi ya yi ba. Ya ce tun ranar da na fara zuwa ya yanke ƙarfen, yana jira in kawo maigidan ya auna.

Har yau bakina bai mutu ba, haƙurina ma bai ƙaru wani sosai ba, kada in yi muku ƙarya. Amma idan mai sana'a ya yi mini tambayar da nake ganin ta ɓata lokaci ce, nakan tsaya in amsa. Motar tana nan, matakin ma yana nan. Duk wanda na ɗauka sai ya yaba da shi, ya ce wanda ya yi wannan ya san darajar tsofaffi. Ni dai sai in tada mota.