Fadamar da Ba Wanda Ya Zana

Lokacin da nake karatu a Manchester, ofis ɗaya muke da wata Baturiya 'yar ƙasar Holan. Wata Asabar ina shirin zuwa Birmingham wajen yayata da ke aure a unguwar Sparkhill, sai ta ce mu tafi tare, an baje tsofaffin zane-zanen ƙasarsu a wani gidan tarihi a can, tana so ta gani.

Na zaci sarakuna zan gani da dawakan yaƙi. Ashe 'yan takardu ne ƙanana da aka bi da alƙalami da tawada ruwan ƙasa: fili shimfiɗe, shanu, magudanar ruwa, wani mutum da karensa, sama kuma ta cinye fiye da rabin takardar. Na ce mata, "To ina abin kallon?"

Ta ce, "Ƙasar ce abin kallon. Da hannunsu suka ƙwato ta daga teku, shi ya sa suke zana ta yadda take, ba ƙari."

Can sai ta tsaya cak gaban wani zane, ta riƙo hannuna. "Garinmu ne! Kin ga wannan hasumiyar? Har yau tana nan. A kan gaɓar nan nake tuƙa keke zuwa makaranta."

Na ce, "Kai, ya yi kyau." Ita tana da garinsu na ɗaruruwan shekaru a maƙale a bango, har da fitila a kansa. Mu fadamar kakanmu, inda muke tsinkar tumatir da rani, an cike ta da ƙasa an yi shaguna. Ko hoto ɗaya ba mu da shi. Har muka fito tana ta zuba, ni kuwa "uhm" kawai nake cewa.

A gidan yayata na karɓi biro da takarda na zana fadamar da ka. Ta leƙo daga kicin.

"Ke, ai giginyar nan ba ta wannan gefen take ba. Bayan rijiya take."

"Yaya, gaban rijiya dai."

Muka kira Inna a waya ta raba mu. Ta ce ai giginyu biyu ne, ɗayar iska ta kayar tun kafin a haife ni. Ta ce wace ce ta rage, ita ma ta manta.