Ɗan Aiken Malam Sabi'u

Bana shekara biyar ke nan da rasuwar abokina Malam Sabi'u, malamin Turanci a wata makarantar sakandare a nan Daura. Ya rasu a shekarar da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, aka taƙaita zirga-zirga, gari ya yi tsit kamar an share shi. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Ban samu sallar jana'izarsa ba. Waɗanda suka san yadda muke sun sha tambayata dalili, sai in ce musu ina kan hanyar Baure a lokacin. Yau nake so in faɗi abin da ya kai ni.

Ajina da nasa bango ɗaya ya raba su, bangon kuwa bai kai rufi ba. Ni ina koyar da Larabci da addini. Alƙalamin kara na fara riƙewa kafin biro, kuma ko wannan rubutun da ajami na fara yin sa, 'yata ce ta mayar mini da shi boko. Shi yana can gefe da Turancinsa, duk abin da aka faɗa a ajinsa sai ya tsallako bango ya sauka a nawa kamar tantabara.

A shekarar da rana ta yi husufi da hantsi, har kaji suka nufi akurki, ya ɗauko wa ɗaliban ajin ƙarshe wani wasan kwaikwayo na Girkawan dā, wanda ya ce an rubuta tun kafin zuwan Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Labarin wani sarki ne da taurin kai ya cinye masa gida. Abin da ya fara jan kunnena shi ne 'yan amshi. A wasan akwai dattawan gari da ke magana da murya ɗaya, su yi wa sarki nasiha, ya ƙi ji, su koma gefe suna jimami. Idan yaran suka haɗa baki suna karanta wannan wuri a hankali, cikin zafin azahar, sai in ji kamar daga ƙasan wata tsohuwar rijiya muryar take fitowa. Ban san abin da suke cewa ba, amma nakan tsaya da alli a hannu har su kai aya.

Na taɓa yi masa ƙorafi cewa an ce mini mutanen littafin gumaka suke kira. Ya yi dariya ya ce, "Alaramma, mu ba bauta muke yi ba, jarrabawa muke nema." Haka yake kirana don tsokana, alhali ya san haddata ba ta kai can ba. Sannan ya gaya mini abin da ya zauna mini a rai. Ya ce Girkawan nan ba sa nuna mutuwa a gaban 'yan kallo. Can bayan fage ake mutuwa, sai wani ɗan aike ya shigo ya ba da labari.

A kan ɗan aiken nan rigima ta tashi. Wata ɗaliba mai suna Ladidi, 'yar wani mai sayar da hatsi a Mai'aduwa, ita aka ba wurinsa ta karanta. Ɗan aiken zai shigo ya sanar da matar sarki cewa ɗanta ya mutu. Ladidi ta karanta layi biyu ta ajiye littafin.

"Malam, wannan mutumin ba shi da tarbiyya," in ji ta. "Ko gaisuwar kirki bai yi ba. A tsaye zai gaya wa uwa haka? A gidanmu da muciya za a raka shi."

Ajin ya kwashe da dariya, nawa ma ya taya su. Sai na ji muryarsa ta saman bango: "Alaramma, zo ka raba mu."

Na shiga na faɗa musu abin da kowane dattijo a garin nan ya sani. Ba a aiken yaro da labarin mutuwa, ba a aiken mai gaggawa. Za ka yi sallama, ka cire takalmi, ka zauna a ƙasa. In an kawo ruwa ka sha. Ka tambayi gida da gona. Sannan ka ce jikin wane ya yi tsanani, ka ambaci Allah, ka yi shiru. Shirun nan shi ne aikin. Kana ba mutum lokaci ya tako da ƙafarsa har ya iso inda labarin yake, shi da kansa zai tambaya. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, don haka ba a fizgo ta.

Malam Sabi'u ya ce Girkawa sun gane ido ba ya iya ɗauka, mu kuma mun gane kunne ma sai an lallaɓa shi. Ya bar Ladidi ta yi wasan yadda ta ga dama. Har yau ina ganinta durƙushe a gaban allo, takalmanta a bakin ƙofa, tana jera gaisuwar Hausa da Turanci, 'yan amshi kuma sun sunkuyar da kai kamar masu zaman makoki.

Da damina ta faɗi a wannan shekarar, mahaifina ya rasu ina cikin aji. Malam Sabi'u aka fara gaya wa, shi ya zo. Ya so ya bi ƙa'idar da na koya musu, sai ya tsaya a ƙofar ajina ya cire takalmi. To, wa ke cire takalmi a ƙofar aji? Kafin ya buɗe baki na riga na sani. Duk da haka ya zauna a bencin yara, ya tambaye ni ya aiki, ya gajiya, gumi na zuba masa. Na bar shi ya kai ƙarshe, don na ga shi ma yana bukatar hakan. Bayan sadakar bakwai ya ce mini, rabi wasa rabi gaske, "Yanzu ina bin ka bashi. In na riga ka, kai za ka je wa Inna." Na ce Allah ya kaimu, ba tare da na auna nauyin maganar ba. Alkawari kuwa kaya ne.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yadda muka koma. Yau mutum bai gama sanyi ba hotonsa ya zaga wayoyi. Uwa tana tankaɗe a tsakar gida, jikanta ya ɗago kai ya ce, "Kaka, wai kawu ya rasu." Ba mugunta ba ce, kowa so yake a yi wa mamaci addu'a da wuri. Amma ɗan aiken yanzu ba shi da takalmin da zai cire, ba ya shan ruwa, ba ya iya shiru. Ina jin da zai kaɗa kai ya ce a nemo Ladidi da muciyarta.

Ranar da ya cika, da hantsi ne, ina tsaye a barandar asibiti. Na ga wani ɗan ƙaninsa ya zaro waya, na riƙe hannunsa na roƙe shi da sauran dangi su dakata. Na san ba za su iya riƙe labarin ya daɗe ba, na kuma san gawa ba ta jira. Ko in tsaya in sallaci abokina in kai shi makwancinsa, ko in riga wayar isa wurin mahaifiyarsa, Inna Hajo, a wani ƙauye bayan Baure. Biyun ba za su haɗu ba. Na samu mai babur da ya san hanyoyin gona, muka kama hanya.

Bazara ce, gonaki an share su suna jiran ruwa. Tafiyar ta zame mini kamar mafarki. Kukoki suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ƙawalwalniya na rawa a gabanmu, ni kuma muryar 'yan amshin nan nake ji a cikin ƙarar injin. Can a tsakiyar hanya na duba rana na ce a raina, yanzu an daidaita sahu. Na yi masa addu'a a bayan babur.

Na tarar da ita a zaure tana ɓarar gyaɗar iri, idonta ya yi rauni amma kunnenta garau. Na yi sallama, na cire takalmi, na zauna. Wata jikarta ta kawo ruwa a kwano. Ban kai shi baki ba wayar yarinyar ta fara kuka a cikin gida.

"Ƙyale ta ta yi ta kuka," in ji Inna. "Muna da baƙo. Sha ruwanka, Malam."

Na sha. Na tambayi gida, na tambayi shirin damina. Sannan na ce jikin ya yi tsanani, sai dai mu koma ga Allah. Na yi shiru. Hannunta ya ci gaba da ɓarar gyaɗa, sannu a hankali, har ya tsaya.

"Abokin naka," ta ce, don ɗan farinta ne, ba ta taɓa kama sunansa ba, "ya samu yin kalmar shahada?"

Na ce ya samu, a kunnena. Ta yi istirja'i sau uku, ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Littafin Girkawan ban san inda ya shiga ba, ɗalibansa sun watsu a duniya, bangon ma an ƙarasa shi har rufi. Abin da na san ya rage na Malam Sabi'u shi ne ya yarda ɗalibarsa ta gyara masa littafi, ya kuma tanadar wa uwarsa mutumin da zai zauna a gabanta tun mutuwar tana nesa.

Da Inna ta buɗe fuska ta ce, "Ya gaya mini tun tuni cewa yana bin ka wannan zuwan. To na karɓa a madadinsa, ka fita daga bashin." Ta share gyaɗar gefe, ta ɗaga tafukanta. "Kai ba ka samu sallarsa ba, ni ma mace ce, ban samu ba. Yi mana addu'a. Kai ka faɗi sunan, ni in ce amin."