Tantan a Bayan Ɗakin Iya

Shekarar da maigidana da ƙanensa suka haɗa hannu suka sayi tantan, ni ce na fi kowa ƙin abin. Tsohuwar motar noma ce ja, fentinta duk ya koɗe, a hannun wani manomi suka samo ta a Gaya. Ranar da aka shigo da ita Toranke yara suka rako ta har ƙofar gida, aka rasa inda za a ajiye ta sai wani ɗan fili a bayan ɗakin Iya, mahaifiyar maigidan. Na ce masa ƙararta za ta dami tsohuwa. Ya ce, "Wace ƙarar Iya za ta ji?"

Gaskiyarsa kuwa, don kunnen Iya ya daɗe da toshewa. Babarbariya ce, da zanenta a fuska, kodayake a nan aka haife ta. Lokacin da aka kawo ni gidan ita ce mai man gyaɗa da ƙuli-ƙulin unguwarmu, tana aiki tana zuba zance, daga zaure ana jiyo dariyarta. Da kunnen ya tafi sai zancen ma ya bi shi. Duk mai son yi mata magana sai ya ɗaga murya har maƙwabta su ji, ni kuwa matar ɗanta, ina zan iya ɗaga mata murya? Sai dai in durƙusa in ajiye mata kwano, ta gyaɗa kai, in fito. Mun yi shekaru a haka.

Da damina tantan ba ta ba da wahala ba, ana murɗa makulli take tashi ta tafi huɗa. Sai da aka yanke dawa sanyi ya sauko sosai muka ga ainihin halinta. Wata safiya bayan an dawo daga masallaci ina tsugune a bakin murhu ina dama koko, maigidan ya zagaya ya hau. Ya murɗa, ta yi gurnani ta yi shiru. Ya sake, ta sake. Can sai ta kama da wata irin ƙara, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana dukan turmin ƙarfe da taɓaryar ƙarfe. Farin hayaƙi ya turnuƙe ta saman katanga, kaji suka watse, akuyarmu ta tsinke igiya. Na yar da ludayin na ruga ɗakin Iya, don a zatona injin fashewa zai yi ya rushe mata bango.

Na same ta zaune a bakin gado, ta dafa bangon da tafin hannu, bakinta a ɗan buɗe.

"Wa yake daka da sassafen nan?" in ji ta.

Na manta da kunya na kai bakina kunnenta na ce, "Tantan ce, Iya."

"Na ji ta," ta ce. "Ba a jikin bango kaɗai ba, da kunnena na ji." Sai ta fashe da dariya, irin wadda rabona da ji tun ina amarya. Ni ma na zauna a ƙasa ina taya ta, kokona yana can yana ƙonewa.

Shi maigidan ba dariya a ransa. Ranar kasuwar Ajingi ya ɗauko bakanike a bayan babur. Mutumin ya duba ya ce injin lafiyarsa ƙalau. Ya ce man gas ba ya son sanyi, in ƙarfe ya kwana a sanyi sai man ya ƙi kamawa da wuri, ya taru, sannan ya kama gaba ɗaya, shi ne bugun da muke ji. Da injin ya yi ɗumi zai lafa. Akwai wasu 'yan ƙarafa da ake kira hita, masu ɗumama cikin injin kafin a tayar, su ne suka mutu, kuma sai an aika Kano. Aka ba wani direban bas saƙo, shi kuma ya yi ta mantawa.

Makwannin da aka yi ana jiran saƙon nan, ban taɓa jin daɗin zaman gidan kamar su ba. Iya da ba ta fitowa sai rana ta take, ta koma riga kowa shiri. Tana idar da salla za ta lulluɓa da bargo ta ce in ɗauko mata kujera, mu zagaya baya. Can gefe take zama inda hayaƙi ba ya kaiwa, ni ina tsaye da kaskon wuta. In tantan ta yi gardama sai ta ce wa ɗanta, "Bi ta a hankali, yau da mura ta tashi." In ta kama sai ta shiga kaɗa kai tana bin bugun da yatsa a gwiwa. Da injin ya yi ɗumi ƙarar ta daidaita sai ta ce, "To, ta tafi," don daga nan kunnenta ba ya kamawa.

A nan bakinta ya buɗe. Ta ba ni labarin yadda suke lugude su uku a turmi ɗaya suna 'yan mata, da yadda ta taɓa fasa turmin uwar mijinta ta ɗora wa jaki laifi. Na gano ashe a kusa da tantan kowa ihu yake yi, saboda haka in na ɗaga mata murya ba wanda zai ce na yi rashin kunya. Maƙwabciyarmu mai jego ta aiko cewa ƙarar tana tayar mata da jariri. Iya ta sa na soya ƙuli-ƙuli, tana zaune tana gyara mini hannu, ta kai mata da kanta.

Daga ƙarshe saƙo ya iso, bakanike ya ɗaura. Washegari maigidan ya murɗa makulli rabi, ya ɗan jira, ya ƙarasa. Tantan ta yi ɗan tari ta tashi sumul. Ya sauko yana washe baki. Iya tana kan kujerarta tana jira, har ta ga bututun salansar tantan yana fitar da hayaƙi.

"Ta tashi ne?"

Ya gyaɗa mata kai.

"Me kuka yi mata?"

Ya sunkuya ya yi mata bayani da ƙarfi, cewa in an bar ta a haka batir zai mutu, injin ma zai gaji. Ta ce ta ji, Allah ya sa albarka, ta ja bargonta ta koma ɗaki. Ranar ko kokon kirki ba ta sha ba.

Da rana na same shi a zaure na ce, "Malam, tunda ba ta jin ta daga kujera, a ɗora ta a kai mana." Ya yi dariya, da ya ga ni ban yi ba sai ya yarda. Dama washegari za su kwaso dawa daga gonar gado da ke hanyar Gafasa, wadda Iya ba ta taka ba tun rasuwar mijinta.

Muka shimfiɗa katifa a cikin tirelar da tantan take ja, ƙanen maigidan ya ɗaga Iya cak ya ɗora, na hau na zauna kusa da ita. Da aka tayar, ƙarfen da ke ƙarƙashinmu ya ɗauki rawa, ta damƙe hannuna. Muna fita daga gari ta sake ni ta kama gefen tirela, ta miƙe wuya tana kallon gonaki. Duk ramin da muka faɗa sai ta yi dariya ta ce wa ɗanta ya ƙara wuta, shi kuwa ba ya jin ta, yau shi ne kurman.

A gona ta ƙi zama a inuwa. Ta zagaya da sandarta tana nuna mini inda iyakar take tun asali, da gurbin wata rijiya da aka cike, da tsamiyar da ta ce a ƙarƙashinta naƙudar maigidana ta kama ta. Ta murza zangarniyar dawa a tafin hannu, ta tauna ƙwaya biyu, ta ce ta yi kyau amma an makara da yanka.

Da la'asar muka juyo, mu biyu a zaune cikin dammunan dawa. Matan da ke dawowa daga ɗiban ruwa suka tsaya suna gaishe ta, wasu suna tafa hannu. Ba ta jin abin da suke cewa, amma kowacce sai ta ɗaga mata hannu ta ce, "Lafiya lau, daga gona muke." Da muka isa gida ta cinye tuwonta tas ta nemi ƙari, sannan ta aike ni in tambayo ɗanta wace gonar za a je gobe.