Yafiyar Baffa

Ina tsakar gida ina tankaɗen garin tuwo aka bugo min waya cewa tifa ta take mijin ƙanwata. Ya ɗauro buhun barkono a babur zai kai kasuwar Gwiwa, motar ta gangaro da yashi, birki ya ƙi. Kafin in samu motar da za ta kai ni ƙauyensu ta wajen Roni, har an yi masa sutura an kai shi. Ya bar ta da yaro ɗan firamare, da yarinya da ba a daɗe da yayewa ba, ga kuma ciki.

Tifar nan babu wanda bai san ta ba a yankin. Duk inda ta tsaya sai yaron mota ya diro da gudu ya cusa mata dutse a ƙarƙashin taya. Mata a wajen makoki suna ta ba da labarin dutsen nan, wata har da dariya, sannan su rufe da cewa kwana ne ya ƙare. Ni ma na san kwana ne ya ƙare. Ban taɓa jayayya da wannan ba.

Ranar sadakar uku aka shigo da buhun shinkafa da katan ɗin taliya da jarkar mai, wai daga mai motar. Tare da kayan aka shigo da labari. Wan marigayin, wanda yaran suke kira Baffa, ya je wajen 'yan sanda ya ce a saki direba a saki mota, sun yafe duniya da lahira, ya sa hannu. Gida ya ɗauki sa albarka. Wannan ta ce mutumin kirki, waccan ta ce irin su sun yi ƙaranci. Ni ce ma na dafa shinkafar, 'yan gaisuwa suka cinye ta kafin arba'in. Abin da marayu suka gani na ubansu ke nan.

Da ɗaki ya yi sauƙi na matsa kusa da ƙanwata, na tambaye ta ko an nemi jin ta bakinta kafin a je.

"Wa zai tambaye ni, Yaya? Ina takaba."

Da wannan amsar na dawo Kazaure, ta hana ni sakat. A Islamiyyarmu ta matan aure na tsaya bayan an tashi, na kwashe komai na faɗa wa malamarmu. Ta ce diyya gado ce, yadda ake raba gado haka ake raba ta: matar mamaci, mahaifiyarsa, 'ya'yansa, har na cikin ciki ana jiran sa. Wa ba ya gadon ƙaninsa idan akwai ɗa namiji. Baligi yana iya yafe rabonsa ya samu lada mai yawa, amma rabon maraya babu mai ikon yin kyauta da shi. Ashe Baffa ya tsaya gaban hukuma ya yafe abin da ko ƙwayar gero ba shi da ita a ciki, kuma gari yana ta sa masa albarka.

Maigidana cewa ya yi in cire bakina daga maganar gidan mutane. Na cire na kwana biyu, na mayar. Da ya gaji da ni ya kai ni wani ofis da ake taimakon marasa hali a kan shari'a. Lauyar da muka samu Kirista ce, 'yar tsakiyar ƙasar nan, Hausa a bakinta kamar a Kazaure aka yanke mata cibiya. Ta ce sa hannun Baffa bai ɗaure matar da yaran ba. Suna iya neman diyya a kotun shari'ar Musulunci. Suna iya kai mai motar babbar kotu, tunda a bakin aikinsa direban yake kuma an san birkin ba shi da kyau, a binciki inshorar motar ma idan ta gaskiya ce. Ko kuma a yi sulhu, amma a gaban alƙali, a rubuce. Ta ce kada a yi sanya, irin wannan ƙara tana da wa'adi.

Sai ta shiga tambaya. Takardar asibiti? Ba a kai shi asibiti ba, daga bakin titi sai gida. Hoton wurin? Wa zai ɗauki hoton gawa. Babur ɗin fa? An sayar wa 'yan gwangwan don kada yaran su riƙa ganin sa. Kowace amsa na ba ta sai in ji kamar in rufe fuskata da hijabi. Duk abin da muka yi da kyakkyawar niyya muka yi shi, kuma duk ya tafi da hujja. Abin da ya rage mana shaidu ne, su kuwa rabin kasuwa sun san dutsen nan. Ta ce abu ɗaya ne ba zan iya yi wa ƙanwata ba: ita ce za ta nema da bakinta, ko ta naɗa wakili.

Na koma ƙauyen, na durƙusa a zaure na gaida Baffa. Ba mugu ba ne, kada a ce na ce. Akuyarsa ya sayar ya yi hidimar makoki, kuma tun rasuwar ya zabge kamar wanda ya yi jinya. Na kawo maganar a hankali, ina zagaye. Bai bari na kai ƙarshe ba.

"Kuɗin jini kuke so mu ci? A ce mun sayar da ɗan'uwana?"

"Baffa, ka yi haƙuri, ba ni na kawo diyya ba. Tana cikin Alƙur'ani."

Ya ce ya sani. Ya ce da na ga direban a bayan kanta, yaro ƙarami har ya jiƙa wandonsa, ni ma da na ce a sake shi. Gaskiya ya faɗa, da na ce. Ya ce yaran kuwa yana raye ba za su kwana da yunwa ba. Na dubi rumbunsa ta ƙofar zaure, na tuna yawan bakin da ke ci a ciki. Can ya faɗi abin da yake ci masa rai: ya riga ya furta a gaban mutane, liman ya yabe shi ranar Juma'a, da wane ido zai koma ya ce ba haka ba?

Haushi ya cika ni har wuya. Na shiga wajen ƙanwata na zazzage mata duk abin da malama da lauya suka ce, ina yi ina faɗa kamar ita ta yi min laifi. Ita kuwa tana ta jan carbi. Na tafi ina cewa a raina shi ke nan, ita ma ta bi su.

Bayan arba'in mahaifiyar direban ta zo gaisuwa, ina nan. Tsohuwa ce, silifas ɗinta an ɗinke da zare. Ta zube a ƙofar ɗaki tana kuka tana godiyar yafiyar da aka yi wa ɗanta. Ƙanwata ta ɗaga ta, ta zaunar da ita a tabarmarta, ta sa aka kira Baffa da surukarta. Baffa ya tsaya daga bakin labule. Ƙanwata ta juya wajen mahaifiyar direban.

"Inna, ɗanki na yafe masa, har ga Allah. Rabona ma na bar shi. Amma na yaran nan ba nawa ba ne, Baffa, kuma ba naka ba ne. Ranar da suka girma suka tambaye ni, me zan ce musu? Shinkafa?"

Ta ce ta wakilta yayanmu namiji ya tsaya mata.

Abin da ya biyo baya jeka-ka-dawo ne. Yau mai mota ya yi tafiya, gobe ba shi da lafiya, jibi ya turo dattawa su ba da haƙuri. Inshorar da aka bincika ta bakin tasha ce, takarda kawai. A ƙarshe sulhu aka yi a gaban alƙali. Surukarta ta yafe nata. Na marayu alƙali ya ce ba a taɓa shi, ya sa mai motar ya biya kashi-kashi, ya ce a ajiye rabon na ciki har ya zo duniya. Da abin da ya fara shigowa aka saya musu gona da sunansu.

Ni kuwa na samu suna a ƙauyen: matar Kazaure mai kai ƙara. Akwai waɗanda har yau idan na gaishe su sai su amsa wa bango.

Namiji ta haifa. Baffa ne ya yi masa huɗuba da sunan ubansa, kuma shi yake noma gonar tun daga lokacin. Da kakar bana ina gidan ya shigo da amalanke, ya sauke dammunan gero da kansa a ƙofar ɗakinta. Na gaishe shi, ya amsa a gajarce, idonsa na kan gero. Ya kira babban yaron, ya ce ya zo ya ƙirga abinsu.