Ruwan Dogon Yaro

Hannuwanta na fara gani, kore shar har wuyan hannu. Tana daka ganyen dogon yaro a turmi a bayan gidan da na kama haya a Unguwar Boro, lokacin ina aiki a wata masana'anta a Kudenda. 'Yar mai gidan ce. Na tsaya da bokitina a bakin famfo ina kallonta har ruwa ya cika ya zube.

Baba, mahaifinta, ya yi shekaru a masaƙa a Kakuri, ƙurar auduga ta lalata masa ƙirji. Ko warin maganin feshi na kanti ya ji, sai tari ya sarƙe shi. Lambun tumatir ɗin bayan gida shi ne abin da ya rage masa na yi, ita kuma take kare masa shi. Idan ganye ya fara ɗigo-ɗigon baƙi, sai ta tsinke ta ƙone, ta jiƙa dakakken dogon yaro kwana biyu, ta tace, ta sa ɗan sabulu, ta yayyafa da yamma.

Ni kuwa littattafan soyayya sun koya mini cewa mai so ba ya bayarwa kaɗan. Wata Lahadi na ƙi zuwa coci. Na ɗauki ruwan da ta jiƙa, na narka sabulu guda sukutum, na ƙara barkono, na yi wa kowane tsiro wanka da tsakar rana. Ina yi ina hango murmushinta.

Washegari ganyen duk ya nannaɗe kamar an babbaka shi. Baba ya zagaya lambun a hankali, yana dafa bango. Bai yi faɗa ba, ya tambaye ni dai ko tumatir ɗin ya taɓa zagina.

Na ce mata don ita na yi.

“Ɗan'uwa, kullum kana tsaye kana kallona,” ta ce, “amma ko sau ɗaya ba ka tambaye ni me ya sa sai da yamma nake yi ba.”

Na sayo sabon iri, muka sake dashe, tana faɗa ina yi. Tumatir ya yi kyau a wannan karon, sai dai maganar da ke bakina ba ta fito ba har na bar gidan.

Bayan rasuwar Baba ta auri wani mutumin Filato. Yanzu tana da babban lambu kusa da kogi, matan zumuntar coci na zuwa wurinta koyon haɗin. Nakan sayi tumatir a hannunta. Har yau idan ta hango ni sai ta ce wa matan su ɓoye sabulu.