Ranar da Ɗana Ya Ce Ni Ba Mamarsa Ba Ce

A shekarun baya, tun ɗana na fari bai kai tsayin randar gidanmu ba, aka sa shi ajin naziri na ƙananan yara a wata makaranta da ke bayan layinmu a Gumel. Ni kuwa a gefen Ɗanzomo na tashi, a gidan da mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗora shi a cinya a gaban mutane, ko dariya ba ta yi masa in da babba a kusa. Haka na ɗauko abina na kawo gidan aure, har na ƙara da nawa. Tun da aka yaye shi ya koma ɗakin surukata, ita ke masa wanka, ita ke dama masa fura. In ina son ya miƙo min abu sai in ce "kai" ina kallon bango. Shi kuma Adda yake ce min, yadda muke kiran yaya mace a gidanmu na Fulani. Mutane na ta yabon kunyata, ni kuma kaina na ta kumbura.

Abin dariyar shi ne, kullum da la'asar 'ya'yan maƙwabta kan cika min tsakar gida ina koya musu baƙaƙe, tunda na yi sakandare. In jawo ɗan wata jikina, in kama hannunsa mu yi rubutu. Nawa kuwa yana bakin ƙofar kakarsa yana leƙe, ban taɓa cewa ya matso ba.

Bai daɗe da fara zuwa ba malamarsu ta aiko tana son ganin mahaifiyarsa. Babansa na Maigatari wajen lodin motoci, ba yadda zan yi, na zura hijabi na tafi. Na isa daidai lokacin tashi, iyaye mata sun cika bakin ajin, har da maƙwabciyata da nake koya wa 'yarta karatu.

Malamar ta ce, "Yaron nan tun da ya zo ban ji muryarsa ba. Yara na rera baƙaƙe, shi sai kallo. Ko sunansa na kira sai ya sunkuyar da kai. In zangon nan ya ƙare a haka, gara ya koma gida sai baɗi."

Sai ta durƙusa gabansa ta ce, "Ga mamanka ta zo, je ka gaishe ta."

Ya leƙa bayana yana neman wata. Sannan ya buɗe baki, karo na farko a makarantar nan, ya ce, "Ba mamata ba ce. Adda ce. Mamata tana gida."

Malamar ta miƙe ta ce min, "Yi haƙuri baiwar Allah, ai mahaifiyarsa na ce a turo." Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Da bakina, a gaban maƙwabciyata, na ce, "Ni ce." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba irin wadda ake yabona da ita ba ce.

Malamar ba ta ja zancen ba, Allah ya saka mata. Ta ba ni wani ɗan littafi mai hotuna, ta ce in riƙa ɗora shi a cinya, in sa yatsansa a kan hoto, in bar shi ya faɗi abin da ya gani ko da wane harshe ne.

A cinya fa! A gidan da surukata take! Sai na ɓullo da dabarar ɓarayi. In ta kwanta bayan azahar, sai in yafito shi ɗakina in saki labule. Ranar farko ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Adda, me na yi?" Da na ɗora shi ya sandare, bai ko jingina da ni ba. Sai da muka buɗo hoton saniya ya ce "nagge" a hankali, da Fillanci. Daga nan bakin ya buɗe. Ashe baƙaƙen da nake koya wa 'ya'yan mutane ya haddace kusan rabinsu daga bakin ƙofa.

Muna cikin haka wata rana sai labule ya ɗaga, ga surukata tana nemansa. Ban san lokacin da na ture shi daga cinyata ba, har littafin ya faɗi. Bai yi kuka ba. Kallona kawai ya yi, ya ja da baya ya rakuɓe jikin bango. Wannan kallon har yau yana damuna.

Surukata ta saki labulen ta shigo. Ta ce, "Ɗauki yaron ki mayar inda yake."

Na ce, "Inna, makaranta ce ta ce..."

Ta ce, "Na ji abin da ya faru a makarantar, ai unguwa ba ta ɓoye magana." Ta zauna bakin gado. "Ubansa ma ɗan farina ne. Yanzu in ya dawo, daga bakin ƙofa yake tsugunawa. In ce ya kasuwa, ya ce lafiya, hirarmu ta ƙare ke nan. Ina son in ƙara wata maganar, ban san ta inda zan fara ba." Ta miƙe tana gyara ɗankwali. "Ku fito waje, ɗakin nan duhu, za ki kashe masa ido."

Ita da kanta ta shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida.

Kafin zangon ya ƙare ya fara rera baƙaƙe da 'yan ajinsu, ba a mayar da shi gida ba. Ranar da aka ba su hutu ya shigo da gudu da wata takarda, malama ta kama hannunsa ya rubuta sunansa, baƙaƙen duk sun karkace. Ya wuce kakarsa, ya tura min takardar a fuska ya ce, "Adda, karanta." Surukata na zaune tana tsince wake, ta ƙi ɗagowa. Na karɓa na karanta. Wannan ne karo na farko da sunan ya fita daga bakina tun ranar suna.

Ya kalle ni ya ce, "Na'am."

Ban raina al'adarmu ba, kuma ba na zargin iyayen da suka koya min. Kunya ado ce, amma ni na yafa ta har na rufe yaron da ba shi da laifi. Yanzu ya fi ni tsawo, kuma har gobe Adda yake ce min, na daina sa ran zai canza. Ni ma a gaban baƙi "kai" ke fara zuwa bakina. Sai in haɗiye, in kira sunansa, in tsaya har sai na ji ya amsa.